Katangar Sha-Kallo

Duk Kalgo, kai har Gwandu, ba a taɓa yin mai idon ado irin Malam Usman Sha-Kallo ba. Shi ma ya shaida haka, kuma wa ya fi shi sani? Wata huɗu cur ya yi yana masinja a Birnin Kebbi, inda ya ga hoton wani kogi rataye a ofishin Bature. Tun daga ranar ya gane cewa Allah ya yi garinsu da kyau, amma an bar masa ƙarashen aikin.

Da aka ce Di'o, Baturen mulki, zai biyo rangadi, sai Sha-Kallo ya miƙe a dandali ya gyara hula.

"Ni ad da ilimin zayyana garin ga," in ji shi. "Zan ɗora unguwarmu duka bisa katangata, gulbi da giginya da hwadama. In motar Di'o ba ta tsaya ta kalla ba, ku tuɓe min rawani."

Rawanin na aro ne, amma alkawari alkawari ne.

Katangar tana bakin hanya, daidai inda burtalin shanu ya gitta. Inna Kulu, wadda ta shekara talatin tana yi wa unguwar daɓe da shafe, ta kawo masa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke ƙarfafa bango. Ya ce ai wannan aikin tsofaffi ne, baƙi ƙirin ba ya ɗaukar ido. Shi gulbinsa sai ya yi ƙyalli. Ya sa aka daka kanwa da gishiri buhu guda, ya cuɗa da farar ƙasa. Kulu ta tambaye shi ko ya san masu bin hanyar nan safe da yamma. Ya ce masu kallo yake nema, ko su wane ne. Ta ɗauki tukunyarta ta tafi, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Gaskiya zane ya yi kyau. Giginyar ta ɗan yi kama da muciya, amma gulbin yana ta walƙiya a rana.

Ranar rangadi da hantsi, Sha-Kallo na ciki yana fama da naɗin rawani, garken wani Bafulatani, Sambo, ya sauko daga ƙauyen Dangoma. Wata farar saniya ta sansana gulbi, ta kai harshe. Sauran suka ga banza ta faɗi. Kafin maigida ya fito an shanye gulbi, an cinye fadama, ana kan giginya.

Motar Di'o kuwa ta tsaya, tsayawa mai kyau, don shanu sittin sun toshe hanya. Har Di'o ya leƙo ya yi dariya. Sha-Kallo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya daure ya juyo wajen jama'a ya ce su shaida, mota ta tsaya ko ba ta tsaya ba? Aka ce ta tsaya, rawani ya tsira.

Washegari ya sami aikin farko da aka taɓa ba shi. Sambo ne ya yi sallama da ƙwaryar nono, ya durƙusa cikin ladabi.

"Malam, don Allah ka taho ruga ka zana muna irin wagga. Amma ka ƙara gishiri, shanun sun ce giginyar ba ta ji ba."