Yadda Na Sa Surukata Ta Zo Ta Bakwai

Ni ke kula da shafin intanet na cocinmu a Kafanchan, kuma a lokacin ina jin kaina gwani. Na karanta cewa dogon rubutu yana gajiyar da mai karatu a waya, gara a gutsuttsura shi, a jera abubuwa da lamba.

Bayan bikin godiyar kaka, Fasto ya ba ni rahoto in saka. A ciki akwai dogon sakin layi na godiya ga matan ƙungiyar zumunta ta coci su bakwai da suka dafa gwate. Na ji tausayin masu karatu. Na sa masa kai da manyan baƙaƙe, "Gwanayen Gwate na Bana", na jera sunayen daga ɗaya zuwa bakwai yadda suka zo mini. Ko matata ban nuna wa ba.

Ranar Lahadi Mama Ladi, wadda na sa a farko, ta shigo da sabon ɗankwali tana karɓar barka. Ta huɗu ta tare Fasto a ƙofa: "Baba, yaushe aka yi gasar? Wa ya ɗanɗana?" Ta bakwai fa? Surukata ce.

Na cire lambobin, na ba da haƙuri, suka ce sun yafe. Amma tun daga ranar sunana Alƙali. Har yau in na je gaishe da surukata, takan ajiye mini kwano ta ce, "Ɗana, ka ci da haƙuri. Girkin ta bakwai ne."