Yadda Na Jiƙa Masarar Baba da Lissafi

Ni na jiƙa masarar Baba, kuma da ilimi na jiƙa ta. Satin aka koya mana lissafin yiwuwar abu a makaranta, kaina ya kumbura. Kwana huɗu a jere ana ruwa a garinmu Bakori, sai na yanke cewa na biyar ba zai yiwu ba.

Inna ta ce, "Kai, dubi gabas."

"Inna, lissafi ne, ba za ki gane ba."

Na shanya masara buhu uku, na tafi ƙwallo. Ko zufa ban yi ba aka kece da ruwa. Na yi gudu har na yar da takalmi ɗaya, amma ina! Masara ta yi funfuna, kaji aka zuba wa.

Har yau, da hadari ya haɗo, sai Baba ya ce, "Farfesa, za a yi ruwa?" In na ce a'a, sai kowa ya ruga kwashe shanya.