Rasuwar Kaset ɗin 'Yan Kulki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ba cikar da za ta zuba ba, ni Usman na unguwar Nuzla ina sanar da 'yan unguwa cewa kaset ɗina na fim ɗin Amurka ya riga mu gidan gaskiya. Wannan ne karon farko da shi da gaskiya suka haɗa hanya.

An haife shi a wani shagon kwafi a Balad, tsohuwar kasuwar garin nan. Ya rayu yana ba da labarin yaron ƙauye, talaka, da ke dukan ƙwallo da kulki ya ruga a guje. Har yau ba wanda ya gane dokar wasan a cikinmu. Abokina Yahya ne ke mana fassara, shi kuma Turancinsa na bakin tashar jirgin ruwa ne, kullum da sabon labari.

Marigayi yana da haƙuri, wannan ba za a hana shi ba. An zuba masa shayi, an ɗinke shi da salatif, bai ce uffan ba sai "ƙirrr, cakal" in ya shiga bidiyo. Amma maƙaryaci ne. Shi ya koya mini cewa in yaro ya iya wasa, wani tsoho mai hula da usur zai hango shi daga bayan waya ya kira shi. Na yarda. Na yi ta gudu a bakin teku, na je gwajin wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, na ci biyu. Tsoho mai usur ya kira ni kuwa, ya tambaye ni katin ɗan ƙasa. Na miƙa iƙama, takardar zaman baƙi, na ce ai a nan aka yanke cibiyata. Ya dafa kafaɗata, ya ce halas, wato shi ke nan. A fim ɗin ba a tambayi yaron ko takardar makaranta ba.

Jinyarsa gajeriya ce. Abdulghani mai tasi ya are shi, ya manta shi a gaban gilashin motar ranar Juma'a da tsakar rana. Da aka fito masallaci ya lanƙwashe kamar burodin tamis. Mun yafe wa Abdulghani, har an so a yi masa godiya.

Ya bar matarsa, bidiyo, tana takaba a ƙarƙashin gado, da kwalinsa, da rimot marar murfi.

Za a yi jana'iza gobe bayan La'asar a kwandon shara na bayan gidan burodi, a gaggauce, don kafili, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ba ya ba da hutun makoki. Babu zaman uku, babu na bakwai. Masu cewa za su kawo mini sabo a faifai, na gode, ku riƙe abinku. Gado kuwa takalmin ƙwallona ne, lamba arba'in da uku. Mai so ya zo da ledarsa.