Wa Ya Kai Wandona Wurin Mai Guga?

Da zuciya cike da baƙin ciki, da tambayoyin da har yau ba a amsa mini ba, ni Midhat Abdusshafi na unguwar Shubra ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wandona na jins. Ya cika ranar Alhamis a shagon shayi, lokacin da na sunkuya ɗaukar ƙwayar domino. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "ɓaaar," kuma kowa ya ji.

Na haɗu da marigayi a kasuwar gwanjo ta Wikala ina saurayi, shi kuwa ya riga ya manyanta. Shuɗi ne mai kwarjini, ɗinkinsa biyu-biyu da zare ruwan goro, ga ƙusoshin tagulla a bakin aljihu, ga zik ɗin ƙarfe da bai taɓa cizona ba. Babban halinsa haƙuri. An saƙa shi da siririyar roba, don haka duk yadda tumbina ya ƙaru sai ya miƙe ya rufa mini asiri. Muddin yana jikina, ba mai kirana tsoho.

Matata Nagwa ba ta taɓa ƙaunarsa ba. "Abu Hazim," takan ce da ni, wato baban Hazim, "kai da jika kana yawo da wandon samari? Ka tausaya wa maƙwabta."

Kowa a gidanmu ya san zafi ne ajalin roba: ruwan sanyi, shanya a inuwa, ba guga. Amma ina tafiya garin Tanta gaisuwar mutuwa, sai marigayi ya tsinci kansa a shagon Baba Sabri, mai danna dutsen guga da ƙafa yana fesa ruwa da baki. Ya dawo da kari kamar wandon akawu, gwiwoyi sun saki, robar ta fito fari-fari kamar furfura.

Nagwa ta ce kuskure ne, cikin zannuwan gado ya shige. Baba Sabri ya ce, "Ɗana, cewa aka yi in danna sosai." Na ce, wa ya ce? Sai ya cika bakinsa da ruwa.

Ba na zargin kowa. Sai dai da na dawo gida ranar Alhamis ɗin, ina kare bayana da jarida, na tarar da sabuwar jallabiya ruwan toka a kan gado, daidai jikina har tsawon hannu. Ban san telan da ke gama jallabiya cikin awa guda ba.

Marigayi ya bar bel guda, da shatin walat a aljihun baya, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a ɗakin girki, inda Nagwa za ta mayar da shi tsumman sauke tukunya. Almakashin ma a washe na same shi. Ana karɓar gaisuwa a shagon shayi bayan la'asar. Ba za ku sha wahalar gane ni ba. Ni ne tsohon nan mai jallabiya ruwan toka.