Irin Dawar da Na Tsallako da Shi

Ni da kaina na tsallako da irin dawar nan ta Magama, na bi maƙwabta a Gangara ina rabawa, ina hura hanci. Yayana ya ce, "Ka cuɗa shi da maganin iri kuwa?" Na ce, "Haba Yaya, wanga na ƙetare ne, lafiyarshi lau." Ashe cutar tana manne a jikin ƙwayar. Da dawa ta fid da kai, duk zangarniyar da aka taɓa sai baƙin gari ya zubo. Cutar nan, burtuntuna, ta cinye gona biyar, har da ta Inna Hajara, tsohuwar da ba ta da wata. Har yau ko goro na miƙa wa mutum a majalisa, sai ya jujjuya shi ya ce, "Malam Burtuntuna, fara ci mu gani."