Waken da Na Dafa wa Faransawa

Ba zan taɓa mantawa da abin da bakina ya jawo mini ba, a shekarata ta ƙarshe a jami'a a Guangzhou. Lokacin Isufu yana nemana da aure. Mutumin Maraɗi ne, yana saro jakunkunan mata a kasuwar Shiling yana aikawa gida. Mahaifiyarsa ba ta taɓa ganina ba, ita dai an ce mata 'yar boko ce daga Kano. Don haka da yayarsa, Yaya Rakiya, za ta zo sari, tsohuwar ta ce ta duba mata ni. Abin da duk ta koma ta faɗa, a kansa maganar aurenmu za ta tsaya.

Muna hira Isufu ya ce yayar tasa ba abin da take so kamar tart, wani cincin mai faɗi irin na Faransawa, da ake zuba masa kirim ɗin madara da ƙwai, a jera 'ya'yan itace a sama. Kafin ya rufe baki na ce, "Wannan? Ai na iya." (Wallahi ranar na fara jin sunansa.)

Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Na ari ɗan tandun lantarki a wajen wata maƙwabciyata 'yar Gana, na nemo bidiyo a waya. Wata Bafaranshiya ce ke yi, cikin yarensu, ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Na ga ta murza fulawa da bota, ta shimfiɗa a faranti, ta ɗora farar takarda, sai ta juye wake a kai ta tura tandu. A nan bidiyon ya tsaya yana ta juyi. Na gaji da jira, na tura shi gaba, na tarar har tana zuba kirim.

Kada ku yi saurin yi mini dariya. A garin nan na ga wake a cikin burodi, na gan shi a cikin askirim. Me zai hana Faransawa su ma? Abu ɗaya ne ya dame ni: ɗanyen wake ta zuba. Na ce a raina, Allah sarki, baiwar Allah nan ba ta da mai koya mata. Wa yake ba baƙo ɗanyen wake ya karya masa haƙori?

Na sauka shagon ƙasa neman farin wake. Mai shagon ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Na ɗauko jan nasu ƙanana, na tsince, na wanke, na dafa shi luguf har da ɗan gishiri. Takardar ma na ga ba ta da amfani, na bar ta.

Ranar Asabar da za su zo, zafin garin ya sa bota tana narkewa a hannuna, zufa na shiga mini ido. Sau biyu ƙullun yana yagewa. A na uku na lallaɓa shi, na shimfiɗa wakena, na gasa, na zuba kirim, na jera mangwaro da inabi da kankana. Ya yi kyau, kada in yi masa ƙarya. Har hoto na ɗauka.

Bayan la'asar suka iso. Yaya Rakiya doguwa ce, ba ta da yawan magana, kallonta kawai ya isa ya sa mutum gyara zama. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo tart. Ta ce, "Ma sha Allah, kamar na patiseri, shagon masu kek." Ta yanka da kanta, ta ɗaga yankan. Sai ga jan wake yana zubowa a faranti ɗaya bayan ɗaya, ƙasan kuma ya jiƙe sharkaf kamar ɗanwaken da ya kwana a ruwa.

Isufu ya kafa wa fanka ido.

"Ƙanwata," in ji Yaya Rakiya, "mi ne ne wannan?"

"Wake ne, Yaya. Na ga ita matar ɗanye ta sa, shi ne na gyara."

"Kin gyara."

"E, Yaya."

Ta ajiye wuƙar a hankali. "Bon. Waken nan nauyinshi kawai ake so, ya danne ƙullu kar ya kumbura. In ya gasu, kwashe shi ake yi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Idona ya cika, na ga aurena yana bin waken nan yana zubewa. Na ce, "Yaya, ban iya ba. Ƙarya na yi. Tsoronki nake ji."

Ta jawo farantin gabanta. Ta ɗauki cokali ta cinye yankan nan tas, har waken da ya zube. Sannan ta kira mahaifiyarsu a waya a gabana, ta buɗe murya kowa na ji.

"Inna, na gan ta. Tart dai ba ta iya ba, ko kusa. Amma ta dahwa wake don kar haƙorina ya karye, kuma da aka kama ta ba ta yi gardama ba. A kai kayan aure."

Yau shekararmu uku da aure. Duk zuwan Yaya Rakiya sai ta taho mini da mudun wake daga Maraɗi, ta miƙo mini ba ko murmushi, ta ce na tart ne. Ni kuwa na ɗauki darasi: ina kallon bidiyo har ƙarshe, kuma kafin in ji tausayin Bafaranshiya a kan girkinta, sai na fara tambaya.