Ranar da Na Yi wa Baffan Rukayya Sifaniyanci

Ba zan taɓa mantawa da zauren Alhaji Isyaku na Kahu ba, ko da tsufa ya kwashe min komai.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rano, son ƙwallon Sifaniya ya sa na sauke manhajar koyon yarensu a waya. Sati uku ina fama, darasi ɗaya ne ya zauna min, na "zan yi, za ka yi". Ka ɗauko kalmar hablar, wato yin magana, ka riƙa liƙa mata jela: hablaré, hablarás, hablará. Wayyo daɗi! Ji nake ko a ranar aka ba ni biza zan faɗa kasuwarsu in yi ciniki. Na hana kowa sakat a ofishin malamai, a majalisa kuwa Ɗan Sifaniya ake ce min (ni na raɗa wa kaina, in faɗi gaskiya).

Wadda na fi cika wa baki ita ce Rukayya, yarinyar da nake nema. Baiwar Allah ta yarda, har ta kai labari gida.

Ranar da aka ce in je in gaida baffanta Alhaji Isyaku, wanda shi zai ce a turo ko kar a turo, na sha shadda, abokina Sagir ya goya ni a babur, bakina har kunne. Muka cire takalma muka durƙusa gaban dattawa biyar. Bayan gaisuwa Alhaji ya dube ni da fara'a.

"Malam, an ce kana jin Sifaniyanci?"

Da na ce kaɗan-kaɗan, da shi ke nan. Amma rawar kai ta sa na ce, "Sosai ma, Baffa."

"Madalla! Na daɗe ban samu abokin hira ba."

Ashe bawan Allah ya yi shekaru yana aikin gonar tumatir a can (Rukayya ta rantse ta gaya min, wataƙila ina tsaka da surutuna). Ya buɗe baki ya zubo yare kamar an kunna rediyo. Ko kalma ɗaya ban cafke ba. Ya tsaya yana jiran amsa, Sagir ya zungure ni. Sai na gyara murya, na runtse ido, na rero kamar mai biya allo:

"Hablaré, hablarás, hablará, hablaremos, hablaréis, hablarán!"

Wani tsoho ya ce, "Masha Allah! Alhaji, me ya ce?"

Alhaji ya shafa gemu. "Cewa ya yi zai yi magana, ni ma zan yi, wani ma zai yi, kowa dai zai yi magana." Ya juyo gare ni. "To ɗana, bismillah. Muna jinka."

Zauren ya ɗauki dariya. Sagir, maci amana, har da riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Sunan mahaifinka kawai na tambaye ka," in ji Alhaji. "Je ka, ka dawo bayan girbi ka amsa min da Hausa."

Sati guda Rukayya ba ta ɗaga wayata ba. Wata uku na yi ina zullumi kafin aka ce mu turo. Yanzu ko Hausa aka tambaye ni ko na iya, cewa nake ina dai taɓawa.